Bakin kogin Shanon, inda ake tseren zuwa ga hadari

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa zuwa Kotonu ko Lome jiran kayansa, ya ga manyan jiragen ruwa sun yi cirko-cirko can nesa cikin teku, kamar raƙuman ayari da ke jiran a buɗe musu ƙofar birni. Abin da ba kowa ne ya lura da shi ba shi ne, kaftin ɗin da ya ratso rabin duniya da jirginsa ba shi kaɗai ke shigar da shi tasha ba. Sai wani ƙaramin jirgi ya taso daga gaɓa ya kai masa mutum guda ɗan ƙasa, wanda ya san inda rairayi ya taru, da inda dutse ya ɓuya, da sa'ar da ruwa ke juyawa. Shi ne Faransawa ke ce ma pilote; a Hausance jagora ne, irin jagaban ayari da ya san rijiyoyin hanya. Tsohuwar sana'a ce, ta ciyar da gidaje, ta kuma bar gidaje da marayu. Ɗaya daga cikin wuraren da ta yi duka biyu shi ne bakin kogin Shanon, a yammacin ƙasar Irlandi.

Irlandi tsibiri ce a yamma da Ingila, daga gare ta sai tekun Atlantika har Amurka. Shanon shi ne kogi mafi tsawo a cikinta: kilometir 360 daga mafarinsa, wani ɗan tafki mai zurfi a gindin tsaunin Cuilcagh, zuwa teku. Ga wanda ya san kogin Kwara mai tsawon fiye da kilometir 4000, wannan ba abin a zo a gani ba ne. Amma daga birnin Limerik zuwa teku, tafiyar wajen kilometir 100, Shanon ya daina zama kogi irin wanda aka saba gani. Yana buɗewa yana faɗaɗa, ruwansa na gauraya da ruwan gishiri, har a ƙarshe, tsakanin hancin ƙasa na Loop Head a arewa da na Kerry Head a kudu, faɗinsa ya zarce kilometir 10, wanda ke tsaye a wannan gaɓa in akwai hazo ba ya hangen waccan.

A Yamai, cikar kogi da janyewarsa lamari ne na watanni. A bakin Shanon kuwa lamari ne na sa'o'i. Sau biyu kowace rana, sabili da jan da wata ke yi wa ruwan duniya, teku na tunkuɗo ruwa cikin kogin har Limerik. Kimanin awa 6 tana shiga, awa 6 tana fita. Lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa, tsakanin cikar ruwa da janyewarsa yakan kai metir 5. Inda jirgi ya wuce da hantsi, da la'asar sai a tarar da filin taɓo, tsuntsaye na kiwo a kansa. Duk wannan ruwa tilas ya fita ta ƙofa guda, shi ya sa a wuraren da kogin ya tsuke, kamar daura da Tarbert da Kilcredaun, yake gudu da ƙarfin da mai tuƙi da hannu ba ya iya ja da shi.

Nan ne iska ke shigowa cikin magana. Galibin iskar ƙasar daga kudu maso yamma take busowa, wato daga teku, kuma bakin kogin ya buɗe ne daidai wajen da take fitowa. Raƙuman ruwan da ta koro tun daga tsakiyar Atlantika dogaye ne masu faɗi. A fili, ƙaramin jirgi na hawa bisansu ya sauka lami lafiya, komai tsayinsu. Amma in suka iso bakin kogi suka yi kiciɓis da ruwa mai janyewa, sai tafiyarsu ta ragu, su matsu da juna, su miƙe tsaye kamar katanga, kawunansu su riƙa karyewa suna zubowa. Ba sai an yi guguwar da ke yaye rufin gida ba. Iska matsakaiciya da ta yi karo da ruwa mai fita ta fi hatsari bisa babbar iskar da ke tafiya tare da ruwa mai shiga. Kowane yaro a wannan gaɓa da sanin haka yake tashi.

Daga Limerik zuwa ƙarshen ƙasa

Matafiyin da ya bar Limerik ta hanyar kudu, kogi na damarsa, yakan ratsa gonakin ciyawa kore shar da shanu ke kiwo a cikinsu rani da damina, domin a can ruwan sama ba shi da wata. Zai wuce Foynes, ƙaramin gari wanda daga 1939 zuwa 1945 jiragen sama masu sauka bisa ruwa suka mayar da shi zango tsakanin Turai da Amurka. Daga nan sai Glin, sai Tarbert, inda jirgin fito ke ɗaukar motoci da mutane ya ƙetare da su zuwa Killimer, a lardin Clare, cikin minti 20. Tun 1969 yake wannan zirga-zirga, kuma mafi yawan fasinja ko fitowa daga mota ba sa yi.

Kafin zuwansa, ƙetare Shanon sai da addu'a. A garin Tarbert akwai dutsen tunawa da mutum 17, galibinsu samari da ƴanmata, waɗanda ranar 15 ga watan Agusta 1893, ranar hutun addini, suka shiga wani ƙaramin jirgin kamun kifi suka ƙetare domin yawon shan iska a bakin teku a Kilkee. Da maraice suka kamo hanyar gida a cikin jirgin nan da ya yi musu kaɗan. Ba wanda ya iso, har mai jirgin da ɗansa.

Bayan an ƙetare, sai Kilrush, babban garin yankin, mai faffaɗan titi da tashar ƙananan jiragen ruwa. Yamma da garin akwai wani lungun ruwa da ake kira Poulnasherry, wanda a da ake ƙetare bakinsa da jirgin fito a wani wuri mai suna Cammoge, domin a yanke doguwar hanya. Labarin wannan mashigi ya fi na Tarbert ɗaci. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin da talakawan Irlandi suka dogara da shi, yunwa ta kashe wajen mutum miliyan 1, wasu kimanin miliyan 1 suka yi hijira. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Ingila, filaye na hannun manyan masu ƙasa, kuma yankin Kilrush na cikin wuraren da aka fi korar manoman da suka kasa biyan haya, ana rushe bukkokinsu don kada su dawo. Ranar 12 ga watan Disamba 1849, a tsakiyar sanyin hunturu, wasu talakawa da suka taka zuwa Kilrush neman taimako a gidan gajiyayyu suka juyo da maraice, suka cika jirgin fiton Cammoge maƙil. Jirgin ya nutse, mutum 41 suka halaka, a wurin da mai ƙarfin murya zai iya kiran wanda ke ɗaya gefen.

Daga nan ƙasa sai ƙara tsukewa take yi, kamar harshen mashi da aka miƙa cikin teku, Atlantika a dama, Shanon a hagu. Itatuwa na raguwa har su ƙare. Ƴan waɗanda suka jure duk sun sunkuya gabas, yadda iska ta horar da su. Gonaki ƙanana ne, an shata su da ganuwar ƙasa da duwatsu. A wuce Carrigaholt da tsohuwar hasumiyarsa, sai a iso Kilbaha, ƙauye na ƙarshe: ƴan gidaje, gidan shaƙatawa, da guntun madatsin dutse da jirage ke fakewa a bayansa. Gaba kaɗan sai Loop Head, inda tun wajen 1670 ake hura wutar gawayi bisa rufin wani ɗaki domin jiragen dare su gane bakin kogi. Hasumiyar fitilar da ke wurin yanzu an gina ta ne a 1854, kuma tun 1991 ba ta da mai tsaro, ita ke kunna kanta.

Akwai wani abu a cocin Moneen, kusa da Kilbaha, da ke nuna matsayin mutanen wurin a wancan zamani fiye da dogon bayani. Akwati ne na katako mai tagogi, girman ƙaramin shago. Wakilin mai ƙasa, Marcus Keane, ya hana mutanen ƙauyen, waɗanda ƴan Katolika ne, filin gina wurin ibada. A 1852 limaminsu, Fada Michael Meehan, ya sa aka ƙera wannan akwati bisa ƙafafu, in ruwa ya janye a gungura shi bakin gaɓa, a yi ibada, jama'a na durƙushe bisa jiƙaƙƙun duwatsu, a janye shi kafin ruwa ya dawo. Dalili kuwa na shari'a ne: tsirin da ke tsakanin iyakar cikar ruwa da iyakar janyewarsa ba ya cikin mallakar mai ƙasa. Mutanen da ko wurin yin sujada ba su da shi bisa tudu, ba abin mamaki ba ne in sun juya ga ruwa neman abin sa wa a baka.

Jirgin ƙyalle da kwalta

Jirginsu shi ne kurak. Wanda ya saba da kwale-kwalen sarkawa, da ake sassaƙawa daga gungume ko a harhaɗa da faffaɗan katako, zai yi mamakin wannan. Siraran katakai ake lanƙwasawa a yi ƙashin jirgi kamar haƙarƙari, sa'an nan a lulluɓe shi da ƙyalle mai kauri irin na tanti, a shafe da kwalta. A zamanin da, fatar shanu ake ɗinkawa maimakon ƙyalle. Har a 1976 da 1977 wani Bature mai suna Tim Severin ya ɗinka irin wannan jirgi da fatun shanu 49, ya tashi daga lardin Kerry ya kai gaɓar Kanada da shi, domin ya nuna cewa tafiyar da ake danganta wa waliyyi Brendan mai yiwuwa ce. Dukawan Damagaram za su so jin cewa allura da zaren ɗinki na cikin kayan da ya fi dogara da su a tsakiyar teku.

Kurak ba shi da nauyi. Mutum uku ko huɗu na kifa shi bisa kafaɗunsu su tafi da shi, daga nesa sai ka ce baƙin buzuzu mai ƙafafu da yawa. Filafilansa sirara ne, kusan ba su da faɗi a baki, don kada iska ta kama su. Ba ya yanka ruwa kamar jirgin katako, bisa ruwa yake zama kamar ƙwarya, ya hau inda ruwa ya hau, ya sauka inda ya sauka. Ƙarfinsa ke nan, rauninsa ke nan. Muddin hancinsa na fuskantar raƙumin ruwa, kuma matuƙa na tuƙi da hannu ɗaya, zai tsallake abin da zai farfasa jirgin da ya fi shi. Amma in ya ba ruwa gefe na ƙiftawar ido, ko filafili guda ya kuskure, ko ruwa ya karye a kansa daga sama, ba shi da nauyin gindi da zai mayar da shi daidai. Tsakanin mutum da teku ba kome sai kaurin ƙyalle. Ruwan kuwa ko a watan Mayu sanyinsa na wajen digiri 11, yana kashe hannuwa kafin ya kashe mutum, ga manyan tufafin ulu da ke shan ruwa, ga shi kuma da yawa daga masuntan wancan zamani ba su iya iyo ba.

Da irin wannan jirgi jagororin Kilbaha ke fita tarbar jiragen da suka fito daga Kanada da katako, ko daga wasu ƙasashe da hatsi da gawayi, za su Limerik. Tun 1823 hukumar da ke kula da tashar Limerik ke ba jagorori lasisi. An raba su gida biyu: na yamma su karɓi jirgi daga bakin teku su haura da shi, na gabas su karɓa daga hannunsu su kai shi cikin birni. Lasisi dai izini ne, ba albashi ba. Jagora na samun kuɗi ne in ya hau jirgi, kuma wanda ya riga kai wa jirgi shi ke da aikin. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Saboda haka kullum akwai mai tsaye bisa tudu yana duban yamma, da zarar an hango jirgi sai a ruga a jefa kurak cikin ruwa, a yi ta tuƙi, wani lokaci har can wajen Loop Head, don kada wasu su riga.

Mai karatu ɗan kasuwa ya riga ya gane inda matsalar take. Ranar da teku ta kwanta, kaftin da ya taɓa zuwa ba ya ɗokin jagora sosai, kuma masu neman aikin sun yi yawa. Ranar da teku ta tashi, a nan ne baƙon jirgi ke ɗaga tuta yana roƙon a zo, a nan ne kuma masu ƙarfin halin fita suke raguwa. Wato ranar da aikin ya fi tabbata ita ce ranar da ya fi kisa.

Kuma sun taɓa ganin abin da fita ke kawowa. A watan Maris 1843 jagororin Kilbaha suka hango wani babban jirgi mai suna Windsor Castle yana yawo a teku ba kowa a cikinsa. Daga Bombai ta ƙasar Indiya ya taso da auduga za shi Liverpool, ya lalace a hanya, mutanensa suka bar shi. Jagororin suka kai gare shi da kurak, suka hau, suka sha fama har suka shigar da shi cikin kogi suka kafa masa anka kusa da tsibirin Scattery. Dokar teku ta ba wanda ya ceci jirgi rabo daga darajarsa. Da magana ta je kotu, aka yanke musu fam 5000. Ga mutanen da ke kwana da yunwa kan kuɗin hayar gona, wannan dukiya ce ta tatsuniya. Da dama daga cikinsu suka kama filaye a tsibirin Scattery suka koma can da iyalansu. Shekara biyu bayan haka yunwa ta faɗo, kuma yayin da ƙauyukan tudu ke zama kufai, mutanen tsibirin ƙaruwa suka yi, domin suna da kifi, suna da kuɗin jagoranci. Duk yaron da ya tashi a Kilbaha bayan 1843 ya ji wannan labari, ya kuma ɗauki darasinsa: arziki na can waje, wanda ya zauna a gaɓa ba ya samunsa.

8 ga watan Mayu 1873

A ranar nan aka hango wani jirgi mai suna Nico, na ƙasar Otirish, yana neman jagora a bakin kogi, teku kuwa ta tashi. Mai karatu zai ce Otirish ai ba ta da teku, kamar Nijar. Haka ne a yau, amma a lokacin daularta ta kai har tekun Adiriyatik, tana da babbar tashar Trieste, sai a ƙarshen yaƙin duniya na farko, a 1918, ta rasa su. Mutum biyar suka ɗauki kurak suka fita: Michael Brennan, Thomas Brennan, John McNamara, Patrick Carmody da Seamus Crotty. Ruwa ya kifar da jirginsu, dukansu biyar suka rasu.

Labarin a taƙaice ke nan, kuma gajartarsa daidai take da yadda irin wannan abu ke faruwa. Ko da kurak ya tsallake raƙuman ruwan bakin kogi, sauran aiki na gaba, domin wuri mafi hatsari shi ne gefen babban jirgin kansa. Jirgi mai tafiya da iska ba ya tsayawa cik kamar mota. Yana tangaɗi, yana jan jiki, ruwan da ya buge shi na dawowa baya ya haɗu da mai zuwa. Sai matuƙa sun kawo jirginsu na ƙyalle dab da wannan bango na katako, a gefen da iska ba ta bugawa, su riƙe shi a nan, sa'an nan jagora ya jira ruwa ya ɗaga shi, ya miƙa hannu ya cafki igiya ko tsani. Domin a yi haka tilas a juya hancin kurak daga fuskantar ruwa, wato a yi ainihin abin da duk hikimar tuƙinsa ta hana.

A ƙauye kamar Kilbaha, mutum biyar ba adadi ba ne kawai. Magidanta ne masu lasisi, kowannensu da bakunan da yake ciyarwa, kuma sanin da ke kansu, na inda rairayi ya kwanta da yadda ruwa ke juyawa a kowane lungu, ba a rubuce yake ba, daga uba zuwa ɗa ake gadonsa. An yi musu waƙar makoki da aka daɗe ana rerawa a lardin Clare, kuma a yau akwai wurin tunawa da su a bakin gaɓar ƙauyen, ɗauke da sunayensu.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ganganci ne, ko jahilcin mutanen da. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ilimin yanayi bai yi nisa da su ba. Ma'aunin ƙarfin iska da masu jiragen duniya ke aiki da shi har gobe, wani ɗan Irlandi ne, Francis Beaufort, ya tsara shi a 1805. Tun 1860 ake aika rahoton yanayi ta wayar tangaraho daga tsibirin Valentia, a lardin Kerry, zuwa Landan, kuma daga 1861 aka fara ɗaga alamun gargaɗin hadari a tashoshin ruwa. Amma jagororin Kilbaha ba su bukatar wani a Landan ya gaya musu teku ta tashi. Tana gabansu, sun fi kowa iya karanta ta. Sun san haɗarin, suka auna shi da abin da ke cikin tukunya, suka fita. Iska ta yi nata, ba shakka, kuma ajali in ya zo ba makawa. Sai dai tsarin biyan kuɗin ne ya sa mutum biyar cikin jirgin ƙyalle a ranar da bai kamata ko jirgin katako ya fita ba. Hukumar tasha na karɓar haraji daga kowane jirgi da ya iso Limerik, ƴan kasuwar birnin na samun kayansu, kamfanonin inshora na samun sauƙin asara, amma kayan aikin da dukan wannan ciniki ya rataya a kansa an bar wa talaka ya tanada da kansa, da ƴan katakai da kwalta.

Hukumar kanta ta amsa wannan zargi a aikace. A 1875, shekara biyu bayan hatsarin, ta samar wa jagorori jirgi na sosai mai tafiya da iska, wanda zai iya zama a bakin kogi da jagorori a cikinsa, ya jure ruwan da kurak ba ya jurewa. Kuɗin da aka kashe a kansa ba su fi ƙarfin hukumar ba a 1872. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi sun san irin takardar da ke kwana cikin durowa shekara da shekaru, sai ranar da aka yi jana'iza a nemo ta a sa mata hannu.

Sannu a hankali cibiyar aikin ta tattara a tsibirin Scattery, wanda ke cikin kogi daura da Kilrush, tafiyar ƴan mintoci a jirgi mai inji. Tsibirin daɗaɗɗen wuri ne. A ƙarni na 6 waliyyi Senan ya kafa zawiyar masu ibada a can. Mayaƙan Viking sun sha kai mata hari har suka zauna, sai a 977 sarki Brian Boru ya fatattake su. Har yanzu doguwar hasumiyarta ta dutse na tsaye, kuma ƙofarta a ƙasa take, saɓanin yawancin irinta a Irlandi da ake hawa da tsani. Masu jiragen yankin sun daɗe da al'adar ɗaukar ƴar tsakuwa daga wajen kabarin waliyyin su sa a aljihu, wai tana tsare mutum daga nutsewa, kuma sabon jirgi sai ya kewaya tsibirin kafin ya fara aiki. Ba a ji jagoran da ya dogara da tsakuwa ya bar duban sama ba. A ƙidayar 1881 mutum 141 ke zaune a tsibirin, da makarantarsu, kusan kowane gida da jagora ko matuƙin jirgi. Da aka samu jirage masu inji, zama a tsibiri ya rasa dalili. Tashar jagorori ta koma Cappa, a gefen Kilrush, iyalai suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe suka fita a 1978.

Jirage ba su daina shigowa ba, girma ma suka ƙara. A gaɓar kudu, a Aughinish, akwai masana'antar da ta fara aiki a 1983, mafi girma a Turai wajen tace ƙasar bosit da ake yin sanholo da ita. Kaso mai yawa na jar ƙasar nan daga Gine ake ɗauko ta, cikin jirage masu ɗaukar tan dubbai, waɗanda kurak ɗin 1873 ko tsayin fentin gindinsu bai kai ba. Kowannensu in ya iso tsakanin Loop Head da Kerry Head sai ya rage gudu ya jira. Jirgin jagora na fitowa daga Cappa da injuna masu ƙarfi, da rada, da rediyo, da rahoton yanayi na kowace sa'a. Tun 1996 akwai jirgin ceto a Kilrush, akwai kuma jirgin sama mai saukar ungulu na masu tsaron gaɓa a filin jirgin saman Shanon. In teku ta wuce misali, ana iya ce wa jirgi ya dakata a waje har ta lafa, ba wanda zai kwana da yunwa don an jira. Abu guda ne injin bai ɗauke ba: in an kai gefen babban jirgi, har yanzu tsanin igiya ake sako wa jagora, ya jira ruwa ya ɗaga shi, ya kama, ya hau.

A lokacin zafi ana kai baƙi Scattery daga Kilrush. Sukan bi layin gidajen jagorori da ke fuskantar gabas, sun juya wa iska baya, wasu an gyara musu rufi, wasu ciyawa ta fito a murhunsu, zomaye na shiga suna fita ta ƙofofin. Mai jirgin da ya kawo su yakan faɗa musu sa'ar komawa tun kafin su sauka, kuma sa'ar tana sauyawa kowace rana, gwargwadon lokacin da ruwa zai juya.